Tsibirin Kubrus: Gargaɗi Ga Mai Shirin Tafiya

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san sunan Kubrus. Can aka haifi Barnaba, abokin tafiyar Manzo Bulus. A cikin Ayyukan Manzanni sura 13 mun karanta yadda su biyun suka tashi daga Antakiya tare da Yahaya Markus, suka sauka a Salamis, suka ratsa tsibirin har Bafusa, inda mai mulkin ƙasar ya ba da gaskiya. Tsibirin yana nan har wa yau, kangon Salamis ma yana nan a bakin teku. Mutanenmu kuwa suna zuwa can, waɗansu ziyara, waɗansu karatu, waɗansu neman abin kai wa baki. Da yawa sun je sun dawo lafiya. Amma akwai waɗanda suka shiga wahala mai tsanani, ba don mugun hali ba, sai don ba wanda ya gaya musu yadda dokokin wurin suke. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Saboda haka bari mu duba abin da ya kamata matafiyi ya sani tun bai ɗaura kaya ba.

Ƙasar da mutanenta

Kubrus tana gabashin Bahar Rum, kudu da Turkiyya, yamma da Siriya. Ita ce ta uku wajen girma cikin tsibiran wannan teku, bayan Sisili da Sardiniya. Tsawonta daga gabas zuwa yamma wajen kilomita 240 ne, faɗinta kuwa wajen 100. A tsakiya akwai fili mai faɗi inda ake noman alkama da sha'ir. A kudu maso yamma akwai duwatsun Turodos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,952. Ana noman zaitun, da inabi, da lemu, da dankalin Turawa. Suna da wani irin cuku da ake kira halumi, wanda akan gasa a wuta ba ya narkewa. Tun zamanin dā an san ƙasar da tagulla.

Yawancin mutanen kudu Girkanci suke yi, 'yan ikilisiyar Otodoks ne. Na arewa kuwa Turkanci suke yi, Musulmi ne. Mai jin Ingilishi ba zai ɓata ba, gama Ingila ta mallaki tsibirin daga 1878 har zuwa 1960. Shekara ɗaya suka sami mulkin kai da Nijeriya, ranar 1 ga Oktoba kuma su ma suke bikinsu. Har soket ɗin lantarkinsu mai ƙafa uku ne irin namu.

Tsibiri ɗaya, hukuma biyu

Ga babban abin da matafiyi zai riƙe a zuciya: Kubrus a rabe take. Bayan samun mulkin kai ba a daɗe ba faɗa ya tashi tsakanin Girkawa da Turkawan tsibirin. A watan Disamba 1963 wani janar na Ingila ya ja layi da koren fensir a kan taswirar birnin Nikosiya domin ya raba su. Daga nan aka sami sunan Koren Layi. A 1964 Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da sojojin kiyaye zaman lafiya. Ranar 15 ga Yuli 1974 sojoji masu goyon bayan haɗewa da ƙasar Girka suka hamɓarar da shugaban ƙasa, Akbishop Makariyos. Bayan kwana 5 sojojin Turkiyya suka sauka a arewa, kafin ƙarshen Agusta sun riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar. Dubban Girkawa suka gudu kudu, dubban Turkawa suka koma arewa, kowa ya bar gidansa da gonarsa.

A 1983 arewa ta ce ta zama ƙasa mai zaman kanta. Ban da Turkiyya ba wata ƙasa da ta amince da ita, har da Nijeriya. Gwamnatin da duniya ta sani ita ce Jamhuriyar Kubrus, wadda take riƙe da kudu. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta fara kashe kuɗin yuro a 2008. A arewa kuwa lirar Turkiyya ake kashewa. Tsakaninsu akwai zirin ƙasa mai tsawon kilomita 180 a hannun sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ingila ma ta riƙe wurare biyu na sojojinta, Akrotiri da Dekeliya. Salamis tana arewa, Bafusa tana kudu. Wato mai son bin sawun Bulus da Barnaba a yau dole ya tsaya a shinge ya nuna fasfo.

Ta wace ƙofa za ka shiga?

Jamhuriyar Kubrus filayen jirgin sama biyu kaɗai ta sani, Larnaka da Bafusa, wadda mutanen can suke kira Pafos. A arewa akwai filin Erjan, wanda sai ta Turkiyya ake zuwa. A wurin gwamnatin kudu, wanda ya shigo ta Erjan ko ta tashoshin jiragen ruwa na arewa ya shigo ne ba bisa doka ba. In ba ɗan Tarayyar Turai ba ne, ana iya hana shi ƙetarewa zuwa kudu, ko da yana da kuɗi da kyakkyawar niyya.

Don haka, ɗan'uwa, kada ka biya kuɗin tikiti sai ka duba haruffan da aka rubuta a kansa. LCA Larnaka ke nan, PFO Bafusa, ECN kuwa Erjan. Dillali yana iya ce maka duk Kubrus ce. Ba ƙarya ya yi ba, amma bai gaya maka gaskiya duka ba.

Ɗan Nijeriya yana bukatar biza kafin ya tashi, ko kudu za shi ko arewa, bizar wannan kuwa ba ta aiki a wancan. Bizar ziyara ta kudu ba ta wuce kwana 90, ba ta kuma ba ka izinin yin aiki. Har zuwa 2025 Kubrus ba ta cikin ƙasashen Shengen, waɗanda ake ratsawa da biza ɗaya. Saboda haka bizar Kubrus ba za ta kai ka Jamus ko Italiya ba. Ka riƙe tikitin dawowa, da takardar masauki, da inshorar lafiya, gama ma'aikatan shige da fice suna da ikon tambaya. Ka ɗauki hoton fasfonka, ka bar ɗaya a gida wurin iyali, ka ajiye ɗaya a wata jaka dabam.

Abin da ke cikin akwati

Uwa ba ta sallamar ɗanta hannu wofi. Amma dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga ƙasashen waje. Kilishi, da dambun nama, da man shanu, da cuku, duk za a ƙwace su a kwastan, wani lokaci har da tara. Gara a ci su a gida. Wanda ya riƙe tsabar kuɗi da suka kai yuro 10,000 ko fiye, tilas ya sanar da kwastan, in ba haka ba ana iya riƙe kuɗin.

Mai shan magani kullum, kamar na hawan jini ko na ciwon sukari, ya bar shi a kwalinsa na asali, ya riƙe takardar likita. Magunguna masu ƙarfi irin su taramol da kodin ba a shiga da su sai da wannan takarda. Wiwi da sauran kayan maye kuwa, kudu da arewa duka ba sa wasa da su. Ɗan ƙulli kaɗan ya isa kai mutum gaban alƙali. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko da daga wanda kuke sujada tare ne. Ka buɗe a gabansa, ka duba, ka rufe da kanka. Wanda aka sami abu a jakarsa shi ne mai laifi, ba wanda ya ba shi ba.

Shinge, soja, da ɗaukar hoto

Shekara 29 aka yi mutanen ɓangarorin biyu ba sa ƙetarewa. A watan Afrilu 2003 aka buɗe ƙofofi na fari, a 2008 aka buɗe ta titin Ledra a tsakiyar Nikosiya domin masu tafiya a ƙasa, a 2018 ƙofofin suka kai 9. Ta waɗannan ƙofofi kaɗai ake wucewa. Wanda ya sauka a kudu yana son ganin Salamis, ya fara tambaya ko masu tsaron arewa za su karɓi fasfonsa, gama sharuɗɗansu dabam ne. Matambayi ba ya ɓata. Akwai iyaka kuma ga yawan kayan da za a ƙetaro da su daga arewa, ba a kuwa yarda da dabba mai rai ko nama ba.

Kada ka kuskura ka bi ta gona ko ta kango domin ka kauce wa shinge. Akwai sojoji da bindigogi a gefe biyu, akwai kuma wuraren da nakiyoyin yaƙi suke binne har yanzu. In ka ga waya mai ƙaya, ko allo mai hoton soja, sai ka juya.

Ɗaukar hoton bariki, ko soja, ko shinge, laifi ne a kudu da arewa. An sha tsare baƙi saboda wannan. A Famagusta akwai unguwar Barosha, wadda dā take cike da manyan otal. Mutanenta sun gudu a 1974, aka kewaye ta da waya. A watan Oktoba 2020 aka buɗe waɗansu tituna domin masu kallo, amma ba a shiga gine-ginen, sauran unguwar kuwa tana hannun soja.

Wani abu kuma: ka kama bakinka a kan zancen rabuwar ƙasar. Direban da ya ɗauke ka wataƙila ya bar gidan ubansa a ƙetaren layi tun yana yaro. Akwai iyalan da har yau ba su ga gawar nasu ba. In sun ba ka labari, ka saurara da ladabi. Ba a kira ka shari'a ba.

A kan hanya

A Kubrus ta hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Dattawa za su tuna. Ga wanda ya saba da dama, hatsarin yana wurin shatale-tale da lokacin fitowa daga gidan mai, inda hannu yakan koma ga abin da ya saba. Mai tafiya a ƙasa ma ya fara duba dama kafin ya tsallaka titi. Motocin haya na kudu jar lamba gare su, domin sauran direbobi su san baƙo ne.

A babbar hanya ba a wuce gudun kilomita 100 a sa'a, a cikin gari kuwa 50. Kowa zai ɗaura bel, na gaba da na baya. Riƙe waya a hannu lokacin tuƙi laifi ne, haka kuma ci ko sha. Akwai na'urorin ɗaukar hoto a hanyoyi, tara kuwa takan bi mutum ta wurin kamfanin da ya ba shi mota. Kada ka yi tunanin miƙa wa ɗan sanda wani abu. Abin da kake gani kamar na goro, su cin hanci suke kiransa, laifin kuwa ya fi na farkon girma. Inshorar motar kudu ba ta aiki a arewa, sai a sayi wata a shinge, kamfanonin haya da yawa ma ba su yarda a ƙetara da motarsu ba.

Rana, teku, da wuta

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba zai ji tsoron zafin Kubrus ba, ko da yake a watan Satumba 2020 ya kai digiri 46.2 kusa da Nikosiya. A sha ruwa da yawa, a lura da yara da tsofaffi, a huta da tsakar rana. Abin da zai ba mu mamaki shi ne sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama yakan sauko, dusar ƙanƙara takan rufe duwatsun Turodos. Mai zuwa a lokacin ya tanadi rigar sanyi mai kauri. Kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki domin jin ɗumi, gama hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Teku ba kogin garinmu ba ne. Wanda ya iya iyo a tafki kada ya ɗauka ya iya teku. A yi wanka inda akwai masu tsaron bakin ruwa. In an kafa jar tuta, ba shiga. A gefen Bafusa akwai wuraren da ruwa yake jan mutum zuwa ciki da ƙarfi. Wanda ya ji ana jansa kada ya yi kokawa da ruwan, sai ya bi gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga inda yake ja, ya ɗaga hannu a gan shi.

Da rani ciyawa takan bushe ƙayau. A watan Yuli 2021 gobarar daji ta kashe ma'aikatan gona 4 'yan Masar a gindin duwatsun Turodos. A Yuli 2025 wata ta cinye ƙauyuka a yankin Limasol, mutum 2 suka rasu. Hura wuta a daji ko jefar da guntun taba laifi ne mai kai mutum kurkuku. Akwai kuma wata kububuwa mai dafi a cikin duwatsu da bakin rafi, don haka mai yawo a jeji ya sa takalmi rufaffe. Lambar neman taimako a kudu ita ce 112, ko 'yan sanda, ko motar asibiti, ko 'yan kwana-kwana. A arewa 'yan sanda 155 ne.

Wuraren ibada da kayan tarihi

A Larnaka akwai majami'ar Li'azaru, wadda aka gina fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Mutanen wurin sun gaji labari cewa Li'azaru na Betanya a can ya ƙarasa kwanakinsa. A Bafusa za a nuna maka guntun ginshiƙi inda aka ce an yi wa Bulus bulala. Waɗannan labaran gargajiya ne, ba a rubuce suke cikin Littafi Mai Tsarki ba, amma masu wurin suna girmama su ƙwarai. Kusa da Salamis akwai gidan ibada mai sunan Barnaba. A bakin tafkin gishiri na Larnaka akwai masallacin Hala Sultan, wanda Musulmi suke darajantawa. Duk inda ka shiga, ka rufe kafaɗa da gwiwa, ka tuɓe takalmi a masallaci, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.

Kada ka tsinci ko da guntun kasko a kango ka sa a aljihu. Fitar da kayan tarihi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne. Bayan 1974 an sace hotuna masu yawa daga majami'un arewa. Waɗansu da aka ɓamɓare daga majami'ar Kanakariya sun kai har Amurka, a 1989 kotu a can ta ce a mayar da su Kubrus. In wani ya tallata maka tsohon hoto ko tsohon kwabo a ɓoye, ka wuce abinka. Haka kuma in an yi maka tayin gasassun ƙananan tsuntsaye da suke kira ambelopuliya, ka ƙi, gama doka ta hana kama su da sayar da su.

Fili da gida

Za ka ga tallar gidaje masu araha a arewa, a bakin teku. Araha ba ta ado. Filaye da yawa a can na Girkawan da suka gudu a 1974 ne, takardunsu kuwa suna hannunsu. A 2006 Jamhuriyar Kubrus ta yi doka cewa saye, ko sayarwa, ko tallar irin wannan fili ba da yardar mai shi ba, laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Waɗansu mata da miji 'yan Ingila sun gina gida a irin wannan fili. Mai filin ya kai ƙara, a 2009 kotun Tarayyar Turai ta ce hukuncin kotun Kubrus yana iya bin su har Ingila. A ƙarshe suka rasa gidan. Ɗalibin da aka ce ya kawo masu saye a ba shi la'ada, ya sani shi ma dokar ta shafe shi.

Ga iyayen ɗalibai

Akwai jami'o'i da yawa a arewa, 'yan Nijeriya kuwa suna cikin baƙin ɗalibai mafi yawa a can. Waɗansu sun yi karatu sun dawo da shaida mai amfani. Amma dillalai sukan ruɗi iyaye, su ce yaro zai tafi Turai, zai sami aiki ya biya kuɗin makaranta da kansa. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Dokokin Tarayyar Turai ba sa aiki a arewa, aiki ba ya samuwa da sauƙi, haya kuwa da tsada. Yaron da kuɗinsa ya ƙare, takardar zamansa ta mutu, shi ne miyagu suke nema. A watan Agusta 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kan aika yara can, bayan mutuwar waɗansu ɗalibai. Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a arewa.

Waɗansu sukan tsallaka layi da dare su nemi mafaka a kudu. Tun 2020 gwamnatin kudu ta sa Nijeriya da Gana cikin ƙasashen da take ɗauka masu zaman lafiya, saboda haka yawancin masu nema akan ƙi su, bayan sun sha zaman sansani. A 2021 waɗansu matasa 'yan Kamaru sun maƙale a zirin tsakiya, ba gaba ba baya, suka yi watanni a cikin tanti, sai da Paparoma Faransis ya ziyarci tsibirin a watan Disamba aka sami hanyar kai su Italiya.

Iyaye, kafin ku sayar da gona ko shanu, ku rubuta wa makarantar da kanku. Ku tambaya tana kudu ko arewa. Ku bincika ko hukumomin ilmi na gida sun amince da shaidarta, musamman ta likita da ta lauya. Ku lissafta kuɗin shekarun duka, ba na zangon fari kaɗai ba. Ku biya a asusun makaranta, ba na dillali ba. Ku kuma nemi wani amintacce a can wanda zai san inda yaron yake kwana.

In an kama ka

Kada ka gudu, kada ka ɗaga murya. A kudu tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin sa'a 24, alƙali kuwa ba ya ba da izinin tsarewa fiye da kwana 8 a lokaci ɗaya. Kana da ikon neman lauya da tafinta, da kuma a sanar da jakadan ƙasarka. Kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Girkanci ko Turkanci sai an fassara maka ita duka. Kada ka ba mai gidan haya ko mai ba ka aiki fasfonka ya riƙe. Tun kana gida ka nemi sanin ofishin jakadancin da yake kula da 'yan ƙasarku a Kubrus, ka rubuta lambarsa a takarda, gama waya tana iya ɓata.

Kubrus ƙasa ce mai kyau, mutanenta masu karɓar baƙi ne, sata da fashi ba su yi yawa ba. Wanda ya shiga ta ƙofar da ta dace, ya kiyaye kwanakin bizarsa, ya girmama masu gida, zai ga abubuwan da zai ba jikokinsa labari. In kun san wani mai shirin tafiya, ku ba shi wannan ya karanta. Allah ya kiyaye hanya, ya kai lafiya, ya komo da kowa gida lafiya.